Kwandon da ba a zuba komai a cikinsa, kwando ne?

Jikan Masaƙi:

Assalamu alaikum jama'a. Akwai tambayar da ta hana ni sakat tun makon jiya, kuma Ummata ce ta jefo min ita ta waya.

Shekarata ta biyu ke nan ina karatu a Beppu, wani gari a jihar Oita, tsibirin Kyushu, kudancin Japan. Garin ruwan zafi ne. Da sanyin safiya ko'ina ka duba tururi na tashi daga ƙasa, sai ka ce gidan biki ranar girki. Tun zuwana nake ganin kayan gora a shaguna, ban taɓa tsayawa ba, na ɗauka tarkacen tsaraba ne. Asalin sana'ar ma ta haka ta bunƙasa a nan: mutane kan zo su yi makonni suna jinya da wankan ruwan zafi, su sayi kwandon wanke shinkafa da na kife kwanuka don zamansu, in za su koma gida su tafi da su. Kuma jihar Oita ce kan gaba a Japan wajen irin gorar da suke kira madake, wadda ita ce aka fi saƙa da ita.

Ranar Asabar ruwan sama ya hana mu ƙwallo, sai wani abokina ɗan garin ya ja ni birnin Oita, gidan kayan fasaha na jihar. A can na ci karo da aikin wani mutum, Shono Shounsai, haifaffen Beppu a 1904, ya rasu a 1974. Na tsaya gaban akwatin gilashin har abokin nawa ya gaji ya tafi neman abin sha. Silin gora ne ɗaruruwa, kowanne bai kai kaurin tsinken tsintsiya ba, an jera su kusa da kusa kamar haƙoran mataji, a wurare da dama ba a gitta musu komai ba. Sun tashi daga gindi, sun buɗe, sun lanƙwasa sun dawo. In ka ɗan gusa, layukan gaba da na baya su haɗu su riƙa rawa a ido kamar kawalwalniya a kan kwalta da tsakar rana. Ni dai ban taɓa ganin gora ta yi haka ba.

Na sayi katin hotonsa a shagon wurin, na ɗauka da waya na tura wa Umma, saboda mu gidan saƙa ne. Mahaifinta har ya rasu kwando da akurkin kaji yake saƙawa a wani ƙauye kusa da Saminaka, ita kuma har gobe tana yin faifai, ba ta taɓa sayen na kasuwa ba. Na zaci za ta yaba. Sai ga saƙon murya: "To me ake zubawa a ciki?" Na ce ba a zuba komai, kallo kawai ake yi. Ta yi shiru, can ta sake turo wani: "Ashe bai gama ba. Ko lalace masa ya yi?"

Na yi dariya a lokacin, amma daga baya maganar ta zauna min a ƙirji. Na shiga karance-karance, ga abin da na tarar a taƙaice. Da can manyan Japan kwandunan Sin suke daraja, suna sa furanni a cikinsu wajen zaman shan shayi, masaƙan gida kuwa aikinsu kwaikwayo. Wani mutumin Osaka, Hayakawa Shokosai na farko, wanda ya rayu daga 1815 zuwa 1897, shi aka sani da fara sa sunansa a gindin kwando. Wato ya ce wannan ba na Sin ba ne, nawa ne. Bayansa aka yi Iizuka Rokansai, ya rasu a 1958, wanda ya dage sai an ajiye aikin gora a sahu ɗaya da zane da sassaƙa. Sai shi wannan Shono, da ya kai wani aiki Nitten, wani babban baje kolin fasaha na Japan, a 1956, ya sa masa suna Doto, wato raƙuman ruwa masu fushi. Abin da ya ba ni dariya, a takarda an rubuta shi a matsayin mazubin furanni, alhali duk wanda ya kalle shi ya san igiyar teku ce ta miƙe tana shirin kifewa, furen dalili ne kawai. A 1967 gwamnati ta ba Shono muƙamin da jama'a ke kira taskar ƙasa mai rai, shi ne masaƙin gora na farko da ya same shi. Na bayansa kuwa wasunsu ko dalilin furen ma sun yar. Ba gindi, ba baki, ba hannu.

A Beppu akwai makarantar jiha da ake shekara biyu ana koyon aikin gora kaɗai. Kuma a wani shago na ga ƙaramin aiki, bai wuce tulun yara ba, kuɗinsa ya fi kuɗin hayar ɗakina na shekara. Kakana ya yi shekara hamsin yana tsaga gora da wuƙa, tafin hannunsa kamar bayan kada, ban jin duk kwandunansa a haɗe sun kawo masa wannan kuɗin.

Tambayata biyu ce. Ta farko, abin da aka saƙa da hannun masaƙin kwando, da dabarar kwando, amma ba ya ɗaukar ko ƙwayar gero, me za mu kira shi? Gaskiyar Umma ce, ko tawa da na tsaya baki buɗe? Ta biyu, gorarmu ta gida za ta yi irin wannan aikin, ko sai tasu? Akwai aji na koyo na 'yan awanni da ake buɗe wa baƙi a nan, ina tunanin shiga kafin in gama karatu.

Baba Mai Gora, Suleja:

Wa alaikumus salam ɗana. Jikana ne ya karanta min, shi ne kuma yake rubuta min amsa. Shekara talatin da wani abu ina sayar da gora, yawanci magina ne ke saya suna tokare dekin da ita, sai masu rumfa da masu tsani.

Tambayarka ta farko ba ni da ta cewa, na bar wa 'yan boko. Ta biyun ce tawa.

Gora ba ɗaya ba ce. Wadda ke fitowa a dazuzzukanmu na arewa, bakin rafi da gindin dutse, siririya ce, namanta kauri gare shi, wani lokacin ramin cikin ma da ƙyar za ka gan shi. Ita ce ta sandar makiyayi da ƙotar abubuwa, don ba ta karyewa da wasa. Wadda ake lodowa daga kudu da tsakiyar ƙasa ita ce babba mai faffaɗan rami. Duk biyun suna tsaguwa, kakanka shaida ne. Amma tsaga don kwandon masara daban, tsaga har ta koma kamar tsinken tsintsiya daban. Abin da mai siririn aiki ke nema shi ne tazara tsakanin gaɓa da gaɓa, da gorar da ke bin wuƙa ta tafi sak ba ta karkace ba. A gaɓa sili ke karyewa. In gaɓoɓin sun yi kusa da juna, ko namanta ya yi gardama, ka yi ta asara ke nan. Ka dubo min tasu, tazarar gaɓarta nawa ce?

Sannan akwai maƙiya biyu da ban san ko suna da su a can ba. Na farko ɗan ƙwaron nan da ke shiga gora ya mai da cikinta gari, ka wayi gari ka ga hoda a ƙasa. Babbar gorar kudu yana sonta ƙwarai, saboda tana da zaƙi a jiki. Mu dai abin da muka gada, ba a sare gora tana ɗanya shar, sai ta shekara uku ko huɗu, kuma da rani ake sara, wasu su jiƙa ta a rafi makonni kafin su shanya. Na biyu hunturu. Na ga kujerar gora da aka kawo daga kudu tana sheƙi, iskar hunturu ɗaya ta buge ta, da dare sai ka ji tas, tas, kamar ana harbin bindigar yara. In kana tunanin kawo irin wannan kaya gida ka ajiye a falo a Kano ko Sakkwato, ka fara tunanin watan Janairu.

Kuma ka gaida mahaifiyarka. Ka ce mata ni ma da na ga hoton abin da na fara tambaya ke nan.

Uwar Tagwaye, Bronx:

Ƙanena, sannu da karatu. Na ga irin abin da kake faɗi da idona, shi ya sa na kasa wucewa.

A 2017 babban gidan kayan tarihi na Metropolitan da ke nan New York ya yi nunin aikin gorar Japan, daga tarin wasu miji da mata, Diane da Arthur Abbey. Ni ba wurin na nufa ba, yara na raka aikin makaranta. A bakin shiga sashen sai ga wani abu ya taso daga ƙasa ya murɗe ya haura sama, kamar saiwar kuka ta fasa gini, har mutum na bi ta ƙarƙashinsa. Wani Tanabe Chikuunsai na huɗu ne ya saƙa shi a wurin shi da mataimakansa. Gidansu a Sakai yake kusa da Osaka, sunan ma gado ne, shi ne na huɗu da ya ɗauke shi, an haife shi a 1973. Gorar da ya yi aikin da ita mai dabbare-dabbare ce kamar fatar damisa, daga jihar Kochi ake samo ta. Ba ƙusa, ba gam, silin ne kawai ke riƙe da juna. Abin da ya fi tsaya min, in nunin ya ƙare warware shi ake yi, a tattara silin a tafi da su wani gari a sake saƙa wani abu dabam. Ɗaya daga cikin tagwayena ta ce to ai wannan kitso ne, in ya tsufa a tsefe. Har yau ban sami bayanin da ya fi nata ba.

Amma ga inda zan ɗan ja maka birki. Ka ce kuɗin ya ba ka mamaki. Ka tambayi wa ke saye. Bayan yaƙin duniya na biyu roba ta shigo Japan ta kashe kasuwar kwandon yau da kullum, kamar yadda bokiti da bahon roba suka yi wa ƙwarya da kwando a wajenmu. Masu kwandon furanni suka ɗan daɗe, su ma da tattalin arzikinsu ya yi sanyi a shekarun 1990 abin ya taɓa su. Wani babban ɓangare na kasuwar da ta tallafi masu aikin kallo daga Amurka ta fito. An yi wani attajiri, Lloyd Cotsen, tsohon shugaban kamfanin Neutrogena mai sabulu da man shafawa, ya yi shekaru yana tara kwandunan Japan, a 2002 ya ba gidan kayan fasahar Asiya da ke San Francisco kusan guda 900. Ya kuma kafa wata kyauta da sunansa, wanda ya fara cinta a 2000 shi ne Nagakura Kenichi, mutumin da ya riƙa cusa busasshen itacen bakin ruwa a saƙarsa yana shafe ta da ƙasa har ka rasa gane gora ce. Akwai kuma wani shagon kayan fasaha a Santa Fe, TAI, da ya daɗe yana kawo aikinsu yana sayarwa.

Ba ina cewa don Bature suke yi ba, Shono ya yi nasa tun kafin wannan. Ina cewa ne mai saye yana da hannu a siffar abin da ake saƙawa. Wanda zai ajiye abu a kan teburin falo a California ba ruwansa da ko yana ɗaukar fure, ya ma fi so kada ya yi kama da kwando, don kada baƙi su ce kwando ya saya da kuɗin mota. Umma tana tambayar me ake zubawa a ciki ne saboda a kasuwarta wanda ke saye zubawa zai yi. Ita da Ba'amurken kowa da kasuwarsa yake magana.

Ni a kicin ɗina a nan akwai faifai biyu da na taho da su daga Zinder. Ɗaya ina rufe kwano da shi. Ɗayan ya fi kyau, na rataye shi a bango, ban taɓa bari ya taɓa tuwo ba. Mace ɗaya ce ta saƙa su.

Ɗan Kurmi:

Ni dai ina bayan Umma ɗari bisa ɗari. Kwandon da ba ya ɗaukar kaya sunansa ɓarnar gora. Masu kuɗi in abin saye ya ƙare musu sai su fara sayen iska, ai ramukan da ke jikin abin sun fi gorar yawa. Kuma malam, kafin ka shiga ajin ka tambaya tukuna, wannan ba ya cikin sassaƙe-sassaƙen da aka hana? Kada a je neman sana'a a dawo da gunki.

Malamin Zane, Zariya:

Ɗan Kurmi, ka ba ni dariya, amma batun iskar nan ka faɗi gaskiya ba da niyya ba. Su kansu masu aikin da ramukan suke aiki. A 2018 an buɗe wani nuni na gorar Japan a gidan tarihin Quai Branly da ke Paris, sunan da suka sa masa da Faransanci ma'anarsa tsaga iska. Mai sassaƙa dutse yana cire abu ne har siffa ta fito. Masaƙi kuwa yana kewaye fili ne da sili, filin da ya kewaye shi ne rabin aikin. Hasken da ke ratsawa da inuwar da ke faɗuwa a bango duk da su ake lissafi.

Batun gunki kuwa, na bar hukunci ga malamai, sai dai in faɗi abin da ido ke gani. Mafi yawan waɗannan ayyuka ba siffar mutum ko dabba ba ce. Igiyar ruwa ce, guguwa, harshen wuta, ƙulli, ko lissafin kusurwoyi zalla. Ta wannan fuskar sun fi kusa da zanen dagi a bangon gidan sarki ko aikin aska takwas a gaban riga fiye da mutum-mutumi. Shekarun da na yi ina koyarwa, na sha ganin ɗalibai masu hannu sun guje wa darasin sassaƙa saboda wannan damuwar, kuma ban taɓa ganin laifinsu ba. Na daɗe ina ganin saƙa ƙofa ce da aka bar mana a buɗe ba mu shiga ba.

Jikan Masaƙi, tambayarka ta farko mun taɓa yin irinta a ƙasar nan, da yumɓu. Ka ciro naira ashirin ka juya bayanta. Ladi Kwali ce zaune tana gina tukunya. Ta koyi ginin randa da tulu a gargajiyance a ƙasar Gwari, a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da wani Baturen Ingila, Michael Cardew, ya kafa a Abuja ta da, wato Suleja ta Baba Mai Gora. Ta ci gaba da gina tulun da hannu kamar yadda ta gada, da zanen kadangare da kifi da kunama a jikinsa, amma yanzu da yumɓu mai nauyi, a shafe shi da sheƙi, a gasa a wuta mai tsananin zafi. To tulun gargajiya yana sanyaya ruwa ne saboda yana tsattsafo ta jikinsa, iska na busarwa. Da aka shafe shi da sheƙi tsattsafon ya tsaya, nauyinsa kuma ya wuce a ɗora a ka zuwa rafi. Ta fuskar matar da ke ɗebo ruwa, an lalata tulu. Ta fuskar London, a lokacin ne ya zama abin baje koli. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ban taɓa jin wanda ya ce Ladi Kwali ba maginiya ba ce.

Kuma kada ka ɗauka su Japanawan sun gama wannan gardamar. Suna da manyan baje koli biyu da masu gora ke kai aiki. Nitten, inda Shono ya kai Doto, ya fi karkata ga siffa da girma da sabon abu. Ɗayan, na sana'o'in gargajiya, yana son abu ya kasance mazubi ko tire ko akwati da za a iya amfani da shi, a nuna ƙwarewa a cikin wannan iyakar. Waɗanda aka ba muƙamin taskar ƙasa a baya-bayan nan, irin su Katsushiro Soho a 2005 da Fujinuma Noboru a 2012, ta wannan layin na biyu suka fito. Muƙamin yana zuwa da tallafin yen miliyan 2 duk shekara, da nauyin koyar da na baya. Wato ita hukumar da ke raba muƙamin ta fi kusa da ra'ayin Umma fiye da naka.

Ni a nawa ganin, sunan bai dame ni ba. Abin da nake dubawa, shin hannun da ya yi abin zai iya saƙa kwandon da zai ɗauki kaya? In zai iya, ya zaɓi ya bar gindin a buɗe, wannan magana ce yake yi. In ba zai iya ba, ya fake da cewa fasaha ce, to nan Umma ta kama shi, lalace masa ya yi. Ina da ɗalibai iri biyun.

Jikan Masaƙi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ban dawo da wuri ba saboda na je ajin, kuma kwana biyu yatsuna ba sa son taɓa waya.

Baba, na auna maka. Madaken da suka nuna mana, daga gaɓa zuwa gaɓa ta wuce taƙi ɗaya da rabi, namanta kuma siriri ne, in aka sa mata wuƙa a ka sai ta tsage ta tafi da kanta da wata ƙara mai daɗi. Su ma da sanyi suke sara, gorar shekara uku zuwa huɗu, daidai da abin da ka faɗa. Su ma suna da ƙwaron. Maganinsu shi ne cire mai: ko a gasa gorar a kan wuta har maiƙon ya tsattsafo a goge, ko a dafa ta a ruwan soda irin ta sabulu, sannan a shanya a rana har korenta ya koma ruwan hauren giwa. Akwai wata kuma da suke ji da ita kamar zinariya, susudake. Gorar rufin tsofaffin gidajen jinka ce, wadda hayaƙin murhu ya yi shekara ɗari ko fiye yana bugu har ta koma ja mai duhu, inda igiya ta ɗaure kuma ya bar fari. Gidajen suna ƙarewa, don haka tana tsada. Na tuna rufin ɗakin girkin kakata da kunkunniya ta mai da shi baƙi ƙirin. Da aka yi rufin kwano, itacen girki aka yi da shi.

Mu baƙi an ba mu sili ne da aka riga aka gyara, muka saƙa ɗan ƙaramin kwando da saƙar murabba'i, aka naɗe bakin. Wannan yaro ma zai yi. Bayan an tashi na tsaya na nuna wa malamin hoton kwandon kakana da ke wayata, na ce masa da guntun Japanancina wannan kakana ne. Dattijo ne, ya cire tabarau ya kalli hoton ya daɗe, ya ja shi da yatsa ya ƙara girman bakin kwandon, ya gyaɗa kai. Sai ya kai ni baya ya nuna min inda aikin yake. A raba gora biyu, a raba huɗu, a yi ta rabawa. Sannan a sa wuƙa a kwance a raba bayan da naman, a zubar da naman, a sake rabawa, don ƙarfin da sheƙin duk a bayan suke. Sannan a ja silin ta tsakanin wuƙaƙe biyu da aka kafa a kututture, don faɗinsu ya zo ɗaya. Sannan a kankare gefen don kada ya yanki hannu. Sannan a ja shi ƙarƙashin wata wuƙar don kaurin ya zo ɗaya. Kowane sili sai ya bi wannan hanyar, kuma aiki ɗaya na iya cin ɗaruruwa. Ya ce a wajensu ana cewa tsagar kaɗai shekara uku ce. Ya miƙo min wuƙar. Na ɓata guda bakwai, na takwas ya shige min ƙarƙashin farce.

Malam, wannan ya sa na fahimci ma'auninka. Shi dattijon kwandunan amfani yake yi, amma ya ce ɗaliban makarantar jiha duk da su ake farawa, saƙar kusurwa shida, saƙar tabarma, saƙar gicciye, naɗin baki da igiyar ratan, kafin kowa ya ce zai yi nasa salon. Ba a tsallake kwando a kai ga igiyar ruwa.

Yaya Uwar Tagwaye, maganarki ta mai saye ta ɗan sage min gwiwa, amma ba ƙarya a ciki. Sai dai akwai abin da na kasa ajiyewa. Umma tana da wani faifai da ta yi shekarar da aka haife ni, da rinannen kaba ja da baƙi da kore, zubin tauraro a tsakiya. Yana ƙasan adudunta a naɗe cikin zane. Ba ta taɓa sheƙa da shi ba, ba ta taɓa rufe ƙwarya da shi ba, ba kuma na sayarwa ba ne, don babu Ba'amurken da ya san da shi. Jiya na kira ta na ce, Umma, wancan faifan na cikin adudu, me ake zubawa a kansa? Ta ce in kiyaye ta, wai na je Japan na koyo rashin kunya. Sannan ta ce in turo mata hoton nan kuma, wanda ya fi fitowa sosai, tana son ta ga yadda ya juya silin a wajen lanƙwasar ba tare da sun karye ba.

Ɗan Kurmi, ɗan kwandon da na saƙa yana ɗaukar makullai da canji, ka kwantar da hankalinka.

Baba Mai Gora, Suleja:

Taƙi ɗaya da rabi, to lallai Allah ya ba su. Amma akwai wata da ake kawo min daga wajen Lokoja, tazararta ba ta da laifi, ban taɓa gwada tsaga ta siriri haka ba don ba wanda ya taɓa nema. Zan ware guda biyar na saran bana in jiƙa su in ajiye a inuwa. Batun dafawa da soda ban taɓa ji ba, zan sa yaro ya gwada a rabin durom da guntaye.

In za ka zo hutu ka taho min da hoton wuƙaƙen nan biyu na kututture, ta sama da ta gefe, da awon tsayinsu. Akwai maƙeri a bayan rumfata. Farcen kuma ka sa shi a ruwan gishiri mai ɗumi, kada ka tona da allura.